Idan sitiyari ya fara kuka: yadda ake gano ciwon da yadda ake canza mansa

A bazarar bara, tsohuwar motata ƙirar Carina E ta fara wani irin gurnani duk lokacin da na murɗa sitiyari zan fita daga harabar makarantar da nake koyarwa a Garwa. Abin ya kai har ɗalibai suna gane zuwana da kunne kafin su gan ni. A garejin farko da na kai ta, ko murfin tankin man ba a buɗe ba aka yanke hukunci: famfo ya mutu, sai an sayo wani. Kuɗin da aka faɗa mini ya kusa rabin albashina, sai na ce zan dawo. A gareji na biyu na tarar da wani dattijo. Ya ce, "Malam, tayar da ita mu ji." Ya buɗe tankin, ya haska ciki da fitilar wayarsa, ya kira ni in leƙa. Man ya yi kumfa kamar an kaɗa nono. Ashe tiyon da ke kai mai cikin famfo ne ya bushe, yana zuƙar iska ta inda aka ɗaure shi. Aka canza tiyo da maɗaurinsa, aka zuba sabon mai, kuka ya ɗauke. Har yau famfon nan da aka ce ya mutu shi ne a cikin motar.

Ban kawo wannan labari don in ce makanikai macuta ne ba. Yawancinsu ba haka suke ba, kuma akwai famfon da idan ya mutu to ya mutu. Sai dai mai motar da ya iya sauraron motarsa, ya kuma san abin da zai duba kafin ya je gareji, ba a cika yi masa gyaran gwaji da kuɗinsa ba. Mu da muke hawa motocin da suka gama rayuwarsu ta farko a Turai kafin a sauke su a Kwatano, Lome ko Duwala, wannan sani ya fi yi mana amfani, domin da yawa daga cikinsu suna zuwa ne da man sitiyarin da aka zuba musu tun daga kamfani.

Da farko, wane irin sitiyari ne a motarka?

Ba kowace mota ce ke da man sitiyari ba. Buɗe bonet ka duba. Idan ka ga ɗan tanki na roba ko na ƙarfe mai hoton sitiyari a murfinsa, ko mai rubutun da ya ambaci sitiyari, kuma ka bi tiyonsa ka tarar ya shiga wani famfo da bel ke juyawa, to motarka mai aiki da mai ce. Haka Carina E take, da Corolla ta shekarun 1990, da Avensis ta farko, da Peugeot 406, da Golf 3 da Golf 4, da yawancin Hilux da Hiace da ke bisa hanyoyinmu. Kusan duk abin da zan faɗa a nan a kansu ne.

Akwai kuma masu aiki da lantarki zalla, waɗanda ba su da famfo ba su da mai. Suzuki ce ta fara sa irin wannan a wata ƙaramar mota mai suna Cervo a 1988, kuma yau shi ya mamaye ƙananan motoci: Corolla daga wajajen 2008 zuwa yau, yawancin Yaris, Golf 5 da na bayanta. Idan sitiyarin irin wannan mota ya yi tauri, batir da dinamo da fis ake fara dubawa. Duk wanda ya ce zai canza maka man sitiyari a cikinta, ka tambaye shi ya nuna maka tankin.

Tsakanin biyun akwai ruwa biyu: akwai mai, akwai famfo, amma ba bel ke juya famfon ba, ƙaramin injin lantarki ne. Peugeot 307 da Opel Astra ta 1998 suna cikin wannan aji. Su ɗan shewar da suke yi idan an kunna mota ba ciwo ba ne, muryar injin lantarkin ce.

Abin da man yake yi

Famfon yana juyawa muddin injin mota yana aiki. Yana jan mai daga tanki ta tiyo mai kauri, ya tura shi da ƙarfi ta wani tiyo mai bakin ƙarfe zuwa doguwar sandar nan mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, wadda makanikan ɓangarenmu ke kira crémaillère, na Najeriya kuma su ce rak. A inda sandar sitiyari ta shiga rak akwai wata siririyar sandar ƙarfe da ke ɗan murɗewa idan ka juya hannunka. Wannan ɗan murɗewa ne ke buɗe wa mai ƙofa, ya bi dama ko hagu, ya tura fistin da ke cikin rak, ya ɗauke maka nauyin juya taya. Idan kana tafiya miƙe, man yana zagayawa ne kawai ya koma tanki ta tiyo na uku, babu wani matsi a kansa.

Matsin ya fi yawa a wuri biyu: lokacin da kake juya sitiyari mota tana tsaye, da lokacin da ka kai shi ƙarshe ka danne. A nan yakan kai bar 80 zuwa 100 a motoci da yawa. Ka tuna iskar tayar ƙaramar mota bar 2 ce da 'yan kai. Idan sitiyari ya kai ƙarshe, man ba shi da inda zai je, sai wani bawul a cikin famfo ya buɗe ya riƙa mayar da shi, yana zafi nan take. Shi ne ɗan huci da kake ji. Ba matsala ba ce, amma kada ka riƙe shi a haka fiye da daƙiƙa biyar. Direbobin tasi da ke juyawa a lungunan Briqueterie ko New Bell suna danne sitiyari har ƙarshe suna jiran hanya ta buɗe, su suka fi kowa cin famfo.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani injiniya Ba'amurke, Francis Davis, ya gwada ta tun 1926, kuma Chrysler Imperial ta 1951 ce motar hawa ta farko da aka sayar da ita a kasuwa. Tun daga lokacin man yana yin aiki uku ne a lokaci guda: ɗaukar ƙarfi, hana ƙarfe cin ƙarfe a cikin famfo, da kwashe zafi. Da zarar ya ragu ko ya lalace, ukun duka suna tauyewa.

Kowane kuka da ma'anarsa

Ka nemi wuri shiru, ka tsayar da mota, ka ja birkin hannu, ka sauke gilashi, ka kashe rediyo da na'urar sanyi. Ka bar injin a silo, ka juya sitiyari a hankali dama da hagu.

Idan abin da ka ji gurnani ne ko nishi mai tsawo, yana ƙaruwa idan ka juya, muryarsa kuma tana hawa idan ka taka totur, to daga famfo yake fitowa. Amma fitowarsa daga famfo ba ta nufin famfon ne ya lalace. Sau da yawa yunwa yake ji. Ko dai man ya ragu har famfo yana jan iska, ko iska tana shiga ta wani wuri, ko kuma ragar da ke ƙasan tanki ta toshe da datti, mai ba ya sauka yadda ya kamata. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Ƙananan kumfar da suka shiga famfo suna fashewa idan matsi ya hau kansu, ƙarar fashewarsu ce gurnanin, kuma sannu a hankali suna ƙwaƙule ƙarfen cikinsa. Shi ya sa famfon da ke kukan iska yau, idan aka ƙyale shi wata da watanni, zai zama famfon da ya mutu da gaske.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, ni ma na ruɗe. Na duba ƙarƙashin motata ban ga ɗigon mai ba, na duba tanki na ga man bai ragu ba, sai na ce ai babu inda ke yoyo. Abin da ban sani ba shi ne, tiyon da ke tsakanin tanki da famfo zuƙa ake yi ta cikinsa, ba turawa ba. Idan ya bushe ko maɗaurinsa ya saki, iska ce ke shiga, mai ba lallai ya fita ba. Zafin watan Afrilu a Marwa ko Injamena, inda rana ke wuce maki 40, ga zafin injin a kai, yana mayar da roba kamar busasshiyar fata. Ka matsa tiyon da yatsu mota tana kashe: lafiyayye yana ɗan lotsawa ya dawo, wanda ya mutu kuwa tauri gare shi kamar itace. A wasu motocin, musamman tsofaffin Honda, ɗan zoben roba ne a bakin famfo ke yin wannan ɓarna, abin da bai fi zoben yatsa girma ba.

Idan kuwa ƙara ce mai kaifi, tsiwa kamar ta ɓera, da safe in an tayar da mota ko lokacin da sitiyari ya kusa ƙarshe, bel ne ke zamewa a kan fuli. Kashe mota ka duba shi. Wanda ya tsufa yakan yi sheƙi kamar an goge shi, ko ya tsattsage. A motocin da ake ɗaure bel da hannu, idan ka danna tsakiyarsa da babban yatsa kada ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya. Kada kuma a ɗaure shi tamau don a kashe ƙara, domin boris ɗin famfo ne zai biya. Sabulu ko man birki da wasu yaran gareji ke gogawa a bel yana rufe bakinsa na kwana ɗaya, ya rage masa kwana. Kuma ka duba ko mai ne ke ɗiga masa daga bakin famfo, don in haka ne sabon bel ma zai yi kuka cikin mako.

Dinamo ma yana da irin wannan gurnani idan boris ɗinsa ya ci, kuma yana zaune kusa da famfo, bel ɗaya ma ke juya su a wasu motocin. Yadda ake raba su: kukan famfo yana canzawa idan ka juya sitiyari, na dinamo ba ruwansa da sitiyari, ya fi canzawa idan ka kunna manyan fitilu. Makanikai sukan ɗora bakin doguwar sukuddireba a jikin kowanne, su kara kunne a ƙotar. Dabara ce mai kyau, amma in za ka gwada, cire babbar riga, naɗe hannun riga, kada carbi ko rawani ya yi lilo kusa da bel mai juyawa.

Sauran ƙararrakin ba na mai ba ne sam, ko ganga guda ka zuba. Ƙwas-ƙwas ko gwaf da kake ji a kan gargada ko idan ka faɗa rami, na gaɓoɓin da ke haɗa rak da taya ne, waɗanda ake kira rotule a nan, ko na robobin da ke riƙe rak ɗin. Ɗaga tayar da jak, kama ta dama da hagu ka girgiza. Idan tana wasa, gaɓa ta ci, kuma wannan ya fi kukan famfo haɗari, don idan ta fice taya ba ta ƙara jin umarninka. Ƙas-ƙas-ƙas mai jerawa lokacin da kake tafiya kana shan kwana mai tsanani, kardan ne. Sitiyari mai nauyi ba tare da wata ƙara ba kuwa, kafin ka zargi kowa ka biya wurin mai faci ya auna iskar tayoyin gaba.

Leƙa cikin tanki

Goge murfin da kewayensa kafin ka buɗe, musamman a hunturu. Ƙurar da ta faɗa ciki ba ta da hanyar fita, zagayawa za ta yi ta yi tana cin roba. Za ka ga alamun MIN da MAX a jikin tanki ko a ɗan sandan da ke manne da murfi, wasu da layi biyu, COLD na mota mai sanyi da HOT na wadda ta yi tafiya, saboda mai yana kumbura idan ya yi zafi.

Ɗiga kaɗan a kan farar takarda. Mai lafiya garau yake, ana ganin takarda ta cikinsa, ko ja ne ko kore ko ruwan zuma. Wanda ya koma ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi, yana warin ƙuna, ya gama aiki. Baƙin nan garin roba ne daga tiyo da sil. Kumfa ko launin madara, iska ce ko ruwa. Wanda ya fi muni shi ne ka kai takardar rana ka ga tana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe. Wannan famfo ne ke cin kansa, canjin mai ba zai dawo da shi ba.

Idan man yana raguwa, yana fita ne ta wani wuri, don ba ƙonewa yake yi ba. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban mota ya kwana. Wuraren da aka fi samu su ne bayan fulin famfo, inda roba ta haɗu da ƙarfe a tiyon matsi, da ƙarshen rak. Na rak yakan ɓuya: man yana taruwa cikin robobin nan masu lanƙwasa da ke rufe ƙarshensa, ba ya ɗiga ƙasa sai sun cika. Matsa su ka ji. Busassu ya kamata su kasance. Kada ka bi tiyon matsi da hannu kana neman huda injin yana aiki, domin siririn mai mai wannan ƙarfi yana iya huda fata ya shige cikin nama. Kuma yoyon da ke zuba a kan salansa mai zafi yana iya tayar da gobara, ba abin da za a ce sai ƙarshen wata ba ne.

Wane mai za a zuba

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Murfin tanki ko littafin mota shi ne alƙali, ba mai shago ba. Tsofaffin Toyota da na lissafa suna shan man giyar atomatik ne, jan nan da ake kira ATF, mai alamar Dexron II ko Dexron III. Dexron ba sunan kamfanin mai ba ne, ma'auni ne da General Motors ya fitar, don haka kowane kamfani ka saya, ka duba ko an rubuta shi a jikin gwangwanin. Honda kuwa tana da nata man na musamman, kuma littafinta ya hana a zuba mata ATF. Volkswagen da Audi na wancan zamani suna shan wani koren mai ne, irin CHF 11S ko mai lamba G 002 000 da G 004 000. Citroën BX, XM da Xantia suna shan LHM, wanda kamfanin ya fara amfani da shi a 1966, kuma a cikinsu mai ɗaya ne ke riƙe da sitiyari da birki da ɗaga mota.

LHM kore ne, CHF 11S ma kore ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Launi rini ne kawai aka zuba. Kada ka sayi mai da ido.

Abu biyu ne ba a yi ko a daji. Ba a zuba man birki a tankin sitiyari, domin ba daga fetur aka yi shi ba, kuma yana lalata sil ɗin da ke ciki. Akasin haka ya fi muni: man sitiyari ko ATF a tankin birki yana kumbura robobin birki har ka taka ka ji wayam. Tankunan biyu suna kusa da juna a motoci da yawa, yaron da aka aika ya ƙara mai da magariba yana iya kuskure. Baƙin mai na injin da wasu ke zubawa wai don ya yi kauri ya tsayar da yoyo, shi ma ban yarda da shi ba. Da safe famfo yana wahalar jan sa. Magungunan tsayar da yoyo na kanti kuwa kumbura roba suke yi, sukan saya maka 'yan makonni, ba gyara ba ne. Man da ake aunawa a gorar ruwa a bakin hanya, ba ka san abin da ke ciki ba. Sayi mai rufaffen baki, ka buɗe da hannunka.

Canjin mai

Kamfanoni da yawa ba su sa wa'adin canza wannan mai ba, sun ce a riƙa dubawa kawai. Da zafinmu da ƙurarmu, ni ra'ayina kada ya wuce shekara uku, kuma duk motar da aka sauko da ita daga jirgi a canza mata tun farko. Dukan tsarin ƙaramar mota yana ɗaukar kamar lita ɗaya. Sayi lita biyu.

Hanya mai sauƙi ita ce ta sirinji. Ka sami babban sirinji sabo da ɗan siririn tiyo, ka zuƙe abin da ke tanki mota tana kashe, ka cika da sabo, ka yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu, ka maimaita. Ba ta buƙatar sifana ko ɗaya. Amma bari malami ya yi lissafi: a ce tsarin lita ɗaya ne, tanki kuma yana ɗaukar kashi 30 cikin 100. Bayan zuƙa ta farko saura kashi 70 na tsohon mai, bayan ta uku saura kamar 34, bayan ta biyar saura kamar 17. Wato tana rage datti, ba ta kawar da shi. Ga man da ya ɗan yi duhu ta wadatar. Ga wanda ya ƙone, ko wanda aka gauraya da wani iri, sai hanya ta biyu.

Ita kuma tana son mutum biyu. Tsayar da mota a wuri mai daidai, ja birkin hannu, sa dutse a bayan tayoyin baya, ɗaga gaba har tayoyi biyu su bar ƙasa. Kada ka dogara da jak kaɗai. Tokare da ƙafafun ƙarfe na gareji ko katako mai ƙwari, ban da bulon siminti, wanda ke rugujewa ba sallama. Rufe dinamo da bel da tsumma. Zuƙe tanki. Tiyo biyu ne a jikinsa: mai kaurin yana zuwa famfo, siririn shi ne mai dawo da mai. Cire siririn, toshe bakin da ka cire shi a jikin tanki, ka ƙara masa tsawo ka zura shi cikin gora mai haske don ka ga launin abin da ke fita.

Cika tanki da sabon mai. Abokin aikinka ya murɗa makulli yadda sitiyari zai saki, amma kada ya tayar da injin. Ya riƙa juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Fistin ɗin cikin rak zai riƙa tunkuɗo tsohon mai cikin gora, sabo yana bin bayansa. Aikinka ɗaya ne: kada tanki ya ƙafe. Kana zubawa yana juyawa, har abin da ke fita ya yi launin abin da kake zubawa. Wasu makanikai suna yin wannan da injin a kunne don sauri. Famfo yana shanye tankin cikin 'yan daƙiƙu, kafin ka ce a kashe ya ja iska, wani lokaci tiyon ya fizge ya wanke ka da mai. Ban ga ribar saurin ba.

Tunda tanki yana hannunka, haska ƙasansa ka ga ragar. Idan ta yi baƙi ta toshe, kwance tankin a wanke shi, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Ɗigon fetur ko ruwa kada ya rage. Wasu tankunan matatarsu a manne take ba ta wankuwa, sai dai a canza tankin gaba ɗaya, kuma ya fi famfo araha nesa ba kusa ba. Tiyon da ya yi tauri da maɗaurin da ya saki, yanzu ne lokacin canza su.

Mayar da siririn tiyo, ɗaure, cika zuwa alama. Saura fitar da iska, kuma wanda ya tsallake wannan zai ji motarsa tana kuka fiye da da, ya ɗauka ya ɓata ta. Tayoyi suna sama, injin a kashe, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau 15 zuwa 20 a hankali, kana kallon kumfa tana tasowa, kana ƙara mai idan ya sauka. Sannan a tayar da injin a bar shi a silo, a duba nan take don man yakan faɗa ƙasa, a ƙara, a sake juyawa sau da yawa ba tare da dannewa a ƙarshe ba. Idan ya yi kumfa, kashe mota ka ba shi rabin awa ya kwanta, ka maimaita. Sauke mota, zagaya unguwa, ka sake aunawa. Kada ka cika ya wuce alama, zai yi ambaliya idan ya yi zafi. Ɗan ƙaramin kuka yakan rage na kwana ɗaya ko biyu kafin sauran iska ta fita.

Masu famfon lantarki irin na 307, tankinsu a kan famfon yake, a ɓoye, kuma man nasu daban ne. Su kam a bar wa wanda ya saba da su. Tsohon man da ka tara, rufe gorar ka kai gareji. Ba a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, ba a kuma shafa wa dabba a kan ƙazuwa kamar yadda ake yi a wasu ƙauyuka.

Idan kukan bai tafi ba

Mai sabo ne, babu kumfa, raga a buɗe, bel lafiya, amma gurnani yana nan kuma sitiyari yana nauyi a silo, sai ka ba ta wuta ya yi sauƙi: yanzu kam ana iya zargin famfo. Garejin da ke da agogon auna matsi zai tabbatar maka cikin mintuna. Idan kuwa nauyin ɓangare ɗaya ne, dama da sauƙi hagu da tauri, ko yana tauri da safe ya saki idan mota ta yi zafi, rak ya fi kama da mai laifi, sabon famfo ba zai canza komai ba. Duk wanda aka canza a cikinsu, a wanke tsarin gaba ɗaya da sabon mai, in ba haka ba garin ƙarfen tsohon zai cinye sabon. In na hannu za ka saya a wurin masu kwance motoci, juya fulin da hannunka ka ji ko yana tafiya sumul, girgiza shi ka ji ko yana wasa, ka kuma yi sharaɗin mayarwa kafin ka biya.

A kan hanya kuwa, idan tiyo ya fashe mai ya tsiyaye, sitiyari bai rabu da taya ba, nauyi kawai zai yi, musamman a tafiyar hankali. Riƙe da hannu biyu ka sauka gefe. Famfo ba ya jure juyawa a bushe, mintuna kaɗan sun isa su ƙone shi. Idan yana da bel nasa shi kaɗai, ana iya cire bel ɗin a lallaɓa zuwa gari mafi kusa. Idan bel ɗaya ne ke juya shi tare da dinamo da famfon ruwa, ba a cirewa, sai dai a gyara a wurin ko a ja motar.

Irin wannan nauyin ne ke faɗa wa direban da ya kashe injin a gangara don tsimin mai. Masu saukowa daga Ngaundere zuwa Garwa sun san gangaren dutsen nan mai kwana a kan kwana. Da injin ya tsaya famfo ya tsaya, taimakon birki ma yana ƙarewa bayan taku biyu ko uku, kuma idan aka murɗa makulli har baya aka zare shi, sitiyarin yana iya kullewa gaba ɗaya mota tana gudu.